Ranar da Aka Janye Katifa

Sau ɗaya likitan ya dubi fuskar yayana, lokacin da ya ce a ɗora shi kan gadon awo. Da ya gama danna masa baya, ya tsikare shi da allura a tafin ƙafa yana tambaya ko ya ji, sai ya ɗaga hoton ƙashin ya haska a taga, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo wajenmu.

"Wane ne babba a cikinku?"

"Ni ne," in ji Babban Yaya.

"To yaron ya ɗan jira mu a waje."

Yaron nan shekararsa talatin da huɗu, gemunsa har ya fara furfura ta gefe ɗaya. Da guminsa aka gina gidan da dukkanmu muke kwana a ciki. Amma wada ne, tsawonsa bai wuce ƙuguna ba, kuma duk inda muka shiga da shi ta saman kansa ake magana. A fim Taƙi-Uku ake ce masa, da sunan kuma yara ke binsa a titi. A gida Yaya Ƙarami muke kiransa, don a bambanta shi da babban. Ni ce autarsu, ni ce kuma telar da ke yanka masa kaya, na gida da na fim.

Yaya Ƙarami bai jira a maimaita ba. Ya kifa cikinsa a bakin gadon, ya zamo a hankali har ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, ya ɗauki hularsa ya fita.

Likita ya nuna mana hoton da bakin biro. Ya ce akwai hanya a tsakiyar ƙashin baya da laka ke bi, kuma masu irin halittarsa da ma a matse ake haihuwarsu da ita. Tasa ta ƙara matsewa, shi ya sa ƙafafun ke mutuwa suna dawowa. Ya tambayi aikin da yake yi.

"Ɗan fim ne," in ji Babban Yaya, har da gyara zama. "Ba ka gane shi ba, likita? Wanda ake jefawa a buhu."

Likita ya ajiye hoton. "Daga yau an daina jefa shi. Ba tsalle, ba faɗuwa, ko daga kan kujera ne. Faɗuwa ɗaya ta isa ta raba shi da ƙafafunsa har ƙarshen rayuwarsa. Ku kawo shi a yi masa aiki a buɗe wurin. In an yi da wuri, zai ci gaba da tafiyarsa."

Muka tarar da shi a kan bencin bakin ƙofa, ƙafafunsa na lilo, wata mata tana ta ƙoƙarin ɗaukarsa hoto a ɓoye.

"Me ya ce?"

"Sanyi ne," in ji Babban Yaya. "Sanyi ya shiga ƙashi. Ya ce ka riƙa shafa man zafi, ka daina wanka da ruwan sanyi."

Yaya Ƙarami ya ɗago kai ya dube ni. Ni kuwa na buɗe jakata ina lalube kamar mai neman wani abu.

Da muka isa gida, Babban Yaya ya biyo ni har ɗakin ɗinki, ya rufe ƙofa, ya jingina da ita.

"Auta, ki kama bakinki."

"Yaya, ka ji fa abin da likita ya ce."

"Na ji. Kin taɓa zuwa wajen likita ya ce lafiyarki ƙalau? Aikinsu ne tsoratarwa. Saura mako uku a gama fim ɗin nan, na riga na ba Darakta hannu, an ɗauki fiye da rabi. In ya janye yanzu wa zai ƙara kiranmu? A gama, ni da kaina zan kai shi a yi aikin."

"To a gaya masa, ya zaɓa da kansa."

"Ya zaɓa?" Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Kin san zuciyarsa. In ya ji, kwanciya zai yi ya fara tunani, tunanin ya fi ciwon illa. Ni nake kula da shi tun yana rarrafe, na fi ki sanin abin da zai iya ɗauka."

Haka yake faɗa kullum, shi ke kula da shi. Kulawar ita ce ya riƙe masa waya, ya amsa masa kira, ya sa masa hannu a takarda, ya kai shi wajen aiki a motar da shi Yaya Ƙaramin ba ya ko hango titi in ya zauna a cikinta. Tun da ƙanensa ya fara fim Babban Yaya ya rufe shagonsa na gyaran fanka, bai ƙara taɓa sukundireba ba, sai tumbi da ya ajiye.

Ba zan wanke kaina ba. Aurena ya mutu, na dawo gidan da akwati ɗaya, kuma duk ɗinkin da nake samu daga 'yan fim ta dalilin Yaya Ƙarami yake zuwa. Na dubi keken ɗinkina, na dubi ƙofar da Babban Yaya ya tokare, na ce a raina mako uku ba shekara ba ce.

Shekara goma sha ɗaya yana fim, kuma na rantse ya iya. Takardar da wasu ke kwana uku suna fama da ita, shi karatu biyu yake yi mata ya haddace nasa da na abokin wasansa. Yana iya ɗaga gira ɗaya ya sa mai riƙe kyamara ya ciji leɓe don kada dariya ta girgiza hoton. Ya sha roƙon a ba shi uba, ko alƙali, ko mai shago kawai da zai yi ciniki ya tafi. Sai a ce masa wa zai sayi wannan. Abin da ake saye shi ne a kife shi daga baro, a cusa shi a duro, a rataye shi a ƙusa da wuyan riga, a jefo shi daga kan kabad. Ni nake ɗinka masa rigunan da ninki biyu a wuya saboda ƙusar.

Makon farko abin ya fara da takalmi. Muna tafiya zuwa mota sai na ga ƙafarsa ta hagu ba takalmi, yana can baya a tsakar gida, shi kuwa yana takawa a kan tsakuwa bai sani ba. Na koma na ɗauko na ajiye masa.

"Kin ga sanyin nan da ƙarfinsa yake," ya ce.

Ɗakinsa a sama yake. Da aka gina gidan, Inna ta ce gwiwarta ba za ta iya bene ba, Babban Yaya ya ce shi mai iyali ne, ƙasa ta fi masa, sai aka bar wa mai gidan sama. Magini bai tambayi tsawon ƙafar kowa ba, ya yi matakala irin ta kowa, kowace ɗaya ta kai wa Yaya Ƙarami gwiwa. Da can da hannu da ƙafa yake hayewa yana waƙa. Yanzu sai ya hau uku ya tsuguna, ya dunƙule kansa a gwiwa har zafin ya lafa, sannan ya ƙara uku. Yaran Babban Yaya suka mai da abin wasa, suna tsugunawa a bayansa suna nishi. Uwarsu, da muke ce wa Anti, ta leƙo daga kicin ta ce, "Ku bar baffanku, atisayen fim yake yi," ta koma tana dariya.

Na sami Inna da hantsi tana tsintar shinkafa a faranti. Na zauna kusa da ita na gaya mata duk abin da likita ya ce, ban rage ko kalma ba. Hannunta bai tsaya ba.

"Babban yayanku ya gaya mini."

"Kin sani, Inna?"

"Na sani mana. Ke kika haife shi ko ni? Yaron nan tun yana shekara biyar yake faɗowa daga katanga ya tashi ya karkaɗe jikinsa. Irinsu ƙashinsu ba kamar namu ba ne, taushi gare shi. Allah da ya rage masa tsawo ai bai bar shi haka ba."

"Likita ya ce ƙafafunsa za su mutu."

"Likita ne ke rayawa?" Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Lokacin da na haife shi, mata har layi suke yi su zo su ga abin da na haifa. Kuka na yi har idona ya kusa rufewa. Yau su ne ke zuwa gaishe ni suna cewa uwar Taƙi-Uku. Kina so ya koma ya zauna a ɗaka, a dawo ana nuna ni da baki? A gama wannan ɗin, sai a yi maganin."

Na tashi na bar ta da shinkafarta. Na tsani maganarta, na kuma ji sanyi a raina da na san ba ni kaɗai ke riƙe da abin ba. Wannan jin sanyin shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

A mako na biyu ya shigo ɗakin ɗinki da safe da wando a naɗe a hammata. Ya rufe ƙofa, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Wandon a jiƙe yake.

"Ban ji fitowarsa ba," ya ce. "Ki wanke mini da kanki, kada Anti ta gani. Kuma ki ɗinka mini wani abu mai kauri da zan riƙa sawa a ciki, kada ya faru a gaban mutane."

Na karɓa. Ya ja 'yar kujerar da nake ɗora ƙafa ya zauna, ya daɗe yana kallon ƙafar keken.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ke kina ciki ranar nan. Me likita ya ce?"

Ba kowa a ɗakin sai ni da shi. Babban Yaya ya fita wankin mota, Inna tana barcin hantsi. Kalma biyar ta ishe ni. Na ji su sun taho har bakina, sai na tuna tulin kayan fim da ke kan tebur, riguna goma sha biyu da Darakta ya ce ni zan ɗinka har da na fim na gaba.

"Sanyi ya ce."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To. Allah ya sawwaƙe." Ya dafa keken ya miƙe, ya fita yana jan ƙafar hagu.

Na ɗinka masa abin da ya ce, har guda huɗu, na yi musu ɗinki mai kyau. Abin da na iya yi masa ke nan.

Ranar ƙarshe ta aiki aka ajiye fitowar buhu. A wani gida aka yi, mai katanga da ta ɗara tsawon mutum. Labarin ba wani labari ba ne: Taƙi-Uku ya shiga gidan mutane satar kaji, mai gida ya dawo, ya ɓuya a buhu, mai gida ya ɗauki buhun ya cilla ta kan katanga. A bayan katangar aka shimfiɗa katifa, aka kafa kyamara.

Ni na ɗinka buhun, na sa masa soso a gindi iya abin da ba zai nuna ba. Ni kuma na riƙe bakin buhun ya shiga. Hannunsa da ya dafa kafaɗata sanyi ƙalau, ga rana tana dukan kowa.

Sau shida aka jefa shi a kan katifa. Kowane jifa sai na ruga na kwance, ya fito da kai yana haki, ya ce a ba shi minti ɗaya. A na huɗu sai da na tallafe shi kafin ya tsaya. Darakta, wani siriri mai hular rana da ba ya rabo da tsinken sakace, ya zauna yana kallon abin da aka ɗauka a ƙaramin allo, yana tsaki.

"Katifar nan tana fitowa. In na ɗaga kyamara na ɓoye ta, ba a ganin faɗuwar. Mutane sun waye yanzu, in ba su ga buhu ya daki ƙasa ba sai su ce an yanke. A janye ta. Sau ɗaya kawai."

Na ce, "Darakta, a cika buhun da tsumma mana a jefa. Wa zai sani?"

Ya dube ni kamar keken ɗinki ne ya yi magana. "Tsumma zai fito ya ruga da gudu? Dariyar ai a nan take. Buhu ya faɗi, ya motsa, ya fito ya zura, duk a ɗauka ɗaya ba yanka." Ya juya wajen Babban Yaya, da ke zaune a inuwa da kwalbar lemo. "Manaja, ya ka gani?"

"Ya saba," in ji Babban Yaya. "A watsa yashi kaɗan."

Ba wanda ya tambayi na cikin buhu. Yana zaune a ƙasa, buhun ya kai masa ƙirji, yana bin bakin kowa da kallo. Da aka ja katifar aka jingine ta da bango, ya dubi Babban Yaya, Babban Yaya ya ɗaga masa babban yatsa. Sannan ya dube ni. Na ɗauki igiyar, na ce ya sunkuyar da kai, na ɗaure bakin buhun da ɗaurin da ke kwancewa da ja ɗaya.

Aka ce a fara. Buhun ya taso ta kan katanga, ya juya sau ɗaya a sama, ya sauka da gindi. Na ji wata ƙara, ƙas, gajeriya, kamar an taka busasshen kara.

Buhun ya yi shiru, sannan ya motsa. Ya ja igiyar, kansa ya fito, hannayensa suka fito. Ya dafa ƙasa zai miƙe ya ruga kamar yadda aka tsara, sai rabin jikinsa ya ƙi biyo shi. Ya sake yunƙurawa. Ya waiwaya ya dubi buhun, ya dubi kyamara, idanunsa sun fito.

"Ƙafafuna," ya ce. "Wayyo, ina ƙafafuna?"

Mai riƙe sandar sauti ya toshe bakinsa da hannu. Darakta yana juya yatsa a iska, alamar a ci gaba da ɗauka, kafaɗunsa na rawa. Yaya Ƙarami ya fara jan jiki da gwiwar hannu, buhun na biye da shi a yashi, yana kiran Inna. Sai da ya ja kusan taku biyar Darakta ya ce a yanke, wurin ya fashe da dariya da tafi.

"Wannan ba ya cikin takarda," in ji Darakta yana share ido. "Kai, mutumin nan gwani ne."

Ni na fara isa wajensa. Na zare buhun, na ga wandon, na ga yadda ƙafafun suka kwanta kowace ta kalli gefenta. Kafin in buɗe baki Babban Yaya ya iso, ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi cak, ƙafafun na reto, ya rungume shi a kafaɗa ya ruga mota, ya naɗe shi a kujerar baya. Da babban mutum ne mai nauyi, da dole a nemo katako a kwantar da shi a ɗauka a miƙe. Shi kuwa ba nauyi, kowa ya saba ɗaukarsa. Daga baya likita ya ce abin da faɗuwar ta bari, ɗaukar ta ƙarasa.

An yi aikin, amma ba wanda likita ya so yi da farko ba. Ya fito ya tsaya a gabanmu, ya dubi Babban Yaya.

"Ba kai na gaya wa ba?"

"Wallahi likita mun hana shi. Ka san 'yan fim da taurin kai."

Likita ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai haƙuri, ya wuce.

Kwana goma sha tara na yi ina jinyarsa. A rana ta biyar, da la'asar, ina juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, na kasa riƙewa. Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Yaya, ka yafe mini. Ba sanyi likita ya ce ba."

"Na sani."

Na ɗago.

"Ƙofar ba ta rufu ba ranar, bencin kuma a jikinta yake. Gajere ne ni, Auta, ba kurma ba."

"To me ya sa ka shiga buhun?"

Ya daɗe yana kallon silin. "Na ce bari in gani ko mutum ɗaya a gidanmu zai ce kada in je. Na ba Yaya mako guda. Na ba Inna. Ke har ɗaki na bi ki na tambaya." Ya juyo ya dube ni. "In na ce ba zan yi ba, ni ne na rufe gidan, ni ne wadan da ya ci amanar uwarsa. Amma da ɗayanku ya ce zauna, da na zauna. Har aka ɗaure buhun ina sauraro."

Bai ɗaga murya ba, bai yi kuka ba. Ni na yi kukan, shi kuma ya ce in tashi in ƙarasa juya shi, gefen nan ya gaji.

Da aka sallame mu, ba mai iya hawa da shi bene kullum, sai aka kwashe buhunan siminti da tsofaffin fankoki daga ɗakin ajiya na bayan falo aka sa masa katifa. Babban ɗan Anti ya koma ɗakin sama tun kafin mu dawo. 'Yan dubiya suka yi mako guda suna zuwa, kowa da abin da ake gaya masa. Inna tana cewa ƙaddara ce, abin da aka rubuta ba ya kankaruwa. Babban Yaya yana cewa ba wanda ya tilasta shi, da ƙafarsa ya shiga buhun. Anti tana cewa ai ita tun farko jikinta bai ba ta ba, sai dai ba a tambayarta. Darakta ya zo sau ɗaya da ledar lemu, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Taƙi, ka warke da wuri, kasuwa na jiranka," ya ja Babban Yaya waje suka yi ƙus-ƙus. Bayan makon nan ƙafar masu dubiya ta ɗauke. Wanka da juyi da kwashe abin da ya fito suka zama nawa, kuma ban taɓa cewa sun yi mini yawa ba, don na san kuɗin bakina nake biya.

Wata uku bayan haka fim ɗin ya fito. Babban Yaya ya shigo da shi da rana tsaka yana fara'a, ya ce duk gari maganarsa ake yi. Aka taru a falo, Inna a kan doguwar kujera, Anti da yaranta a ƙasa, har da maƙwabta mata biyu. Ina ɗakin ajiya ina shafa masa mai a duga-dugai, muna jin kiɗan farko ta bango.

"Kai ni," ya ce.

"Yaya, me za ka gani a ciki?"

"Aikina ne. Kai ni."

Na ɗora shi a keken guragu na tura shi falo. Aka matsa masa, Inna ta ce, "Yauwa, gara ka fito ka sha iska." Ya kalli fim ɗin tun daga farko, leɓensa na motsi yana bin maganganun da ya haddace.

Aka zo katanga. Na ɗauka za su sa ɗaya daga cikin shidan da aka yi da katifa. Ta bakwai suka sa, ba su yanke komai ba. Buhun ya juya a sama ya daki ƙasa. Kansa ya fito. Ya ce ina ƙafafuna, sun kuma ƙara masa wani kiɗa mai tsalle-tsalle a ƙasan muryar. Yara suka kwanta a ƙasa suna shure-shure. Maƙwabciya ɗaya ta riƙe ciki. Inna tana dariya tana goge ido da gefen mayafi, tana cewa, "Ja'irin yaro, ji yadda yake kirana."

"A mayar baya," in ji Yaya Ƙarami.

Babban Yaya ya mayar, yana murna. "Ka gani ko? Nan ne kowa ke maimaitawa."

"Ƙara baya. Daidai inda ya faɗi. Ƙara sauti, ku yi shiru."

Aka yi shiru. Buhun ya sake tasowa, ya sake sauka. Ƙas.

"Kun ji wannan?" ya ce. "Bayana ne."

Ba wanda ya motsa. A allon, yana jan jiki a yashi yana kiran Inna, kiɗan na ta tsalle. Inna ta sauke mayafin daga idonta ta dubi ɗanta, bakinta ya buɗe, na ce a raina yau dai za ta faɗi wani abu. Sai Babban Yaya ya buga cinya.

"Kai dai Taƙi ba ka rabo da barkwanci, ko a keke kake."

Maƙwabciyar ta fara, yara suka karɓa, Anti ta bi. Inna ta dubi wannan ta dubi wancan, sannan ita ma ta yi 'yar dariyarta, ta gyara zama. Ƙaramar 'yar Anti ta ce a sake sa wajen, Babban Yaya ya sake mayarwa.

Yaya Ƙarami ya ɗora hannayensa a kan cinyoyin da ba ya ji, ya ce da ni a hankali, "Mayar da ni ɗaki, Auta. Sun gani."